Takardar Korar Maigadi

A gafarta mini ƙarfin halin ɗaukar alƙalami. Abin da ya sami sakatariyar wani kamfanin sabulu ne ya tsaya mini a rai.

Tana tsaye rungume da fayil lokacin da wata mata ta hedikwatar kamfanin ta bayyana a kwamfutar manaja daga can ƙetare. Suna ɗaya take so kafin ƙarfe huɗu: wa ya kashe injuna ranar Talata? A ranar ne wani tsoho, maigadin kamfanin, ya yanke jiki ya faɗi, rai ya yi halinsa, ma'aikata suka bi gawarsa kaf, sabulu ya daskare cikin bututu. Matar ta ce dokarsu ɗaya ce a ko'ina: mutum biyu su je jana'iza, saura su ci gaba da aiki. Mai laifin kuwa kora ce. Manaja ya ce to, kamar yadda ya saba.

Kowa ya san kawun sakatariya ne ya kashe injunan, babban makanike, wanda ya nemo mata aikin nan, mai 'ya'ya bakwai a gida. Ta same shi yana yashe bututu.

"Rubuta ni, 'yar nan," in ji shi. "Shekara ashirin muna cin kwano ɗaya da mutum, a fita da shi ina nan ina gadin ƙarfe?"

Ta koma ofis. Manaja ya tura ƙofa, ya rage murya, ya tuna mata cewa marigayi ne ke riƙe da makullin ɗakin wuta.

"Sa sunansa. Kora ba ta cin mamaci."

"Ranka ya daɗe, ai jana'izarsa aka je."

"Su can sun san jana'izar wa? Lamba suka sani."

Ta rubuta sunan marigayin, ta aika. Ba a jima ba amsa ta dawo, har da yabon manaja. An kori maigadi saboda ganganci. A liƙa takardar a allon sanarwa, a kai masa kwafi gida ya sa hannu.

Gidan da matarsa ke zaune kan tabarma tana karɓar gaisuwa. A tsakar masana'anta kuwa har an soma tsokanar kawu, wai ya fi mage yawan rai.

Firinta ta tofo takardar da ɗuminta. Sakatariya ta karanta sunan tsohon sau biyu, ba ta taɓa takardar ba. Ta saɓa jakarta, ta sulale ta ƙofar baya.