Ɗakin Bakin Ƙofa

Inna na riƙe da fatar idon Sista da yatsu biyu tana ɗiga mata magani, sai babban ɗan Inna ya yi sallama ya shigo da takarda a hannu. Injiniya kowa ke ce masa, har ita da ta haife shi, sai dai a bakinta sunan da 'yar zolaya yake fita.

"Kar ki ƙifta, uwar raki," in ji Inna. "Saura ɗigo ɗaya."

"Hannunki ne ke rawa, tsohuwa kawai," in ji Sista.

Shekara ashirin da shida ke nan Sista na haya a ɗakin bakin ƙofa na gidan Inna. Ungozomar asibiti ce da ta yi ritaya, Kirista, ba miji ba ɗa. Tun da aka yi mata aikin ido bai yi kyau ba, Inna ce ke karanta mata kwalin magani, ita ke raka ta bakin titi ran Lahadi ta sa ta a mota.

Injiniya ya jira har Sista ta laluba bango ta shige ɗakinta, sannan ya durƙusa.

"Inna, kwamitin unguwa ne ya zauna."

Ai ta san zancen. Tun rikicin da aka yi bara a wani gari, alhali nan ko tsinke ba a karya ba, mutane suka shiga tsince kansu. Kiristoci suka haye bayan sabuwar gada, Musulmin can suka kwaso kaya suka dawo nan. Dillalin gida ma sai ya tambayi addininka kafin ya tambayi sana'arka. Duk layin, Sista kaɗai ta rage. Takardar ta ce kar wanda ya sake ba wanda ba Musulmi ba haya, wanda ke ciki kuma ya tashi ƙarshen wata. Inna ta nisanta takardar da idonta, ta ga sa hannun sakatare a ƙasa. Rubutun ɗanta ne.

"Can ma haka suka yi wa namu, Inna."

"Shi ne za ka rama a kan wadda ba ta gani? Sannu, Injiniya! 'Ya'yanka huɗu, hannun wa suka faɗo?"

"Don tsaronta ne ma ai. In abu ya tashi..."

"In ya tashi, ku ne za ku tashe shi. Ɗauke min takardar nan daga kan tabarmata."

* * *

Washegari Inna ta tarar da Sista zaune a ƙasa tana naɗe kofuna cikin tsohuwar jarida, tana lalubar kwali tana jerawa. Ashe ta ji komai.

"Ba zan raba ki da ɗanki ba," in ji Sista, ba ta ɗago ba. "'Yan cocinmu sun ce za su nema min ɗaki a hayi."

Ran Inna ya ɓaci, ɓacin da rabonta da shi tun rasuwar maigidanta. Ba Sista ta ba ta haushi ba. Ganin matar da ta karɓi haihuwar rabin layin nan tana tattara kaya a ɓoye kamar wadda ta yi sata, shi ya ƙona mata rai.

"A hayin, wa zai ɗiga miki magani sau uku a rana? Gadar?"

Ta tamke zani, ta kama kunnen katifar Sista ta ja. Gwiwarta na ƙara, tana nishi, tana faɗa, ta bi tsakar gida da ita. Surukarta, matar Injiniya, ta leƙo daga kicin ta koma da sauri.

* * *

Ran talatin ga wata, da hantsi, mutum uku na kwamiti suka zo, Injiniya na gaba. Suka leƙa ɗakin bakin ƙofa suka gan shi wayam, an share tas. Shugaban ya fara yi wa Inna godiya ke nan, sai Sista ta yi tari daga uwar ɗakin Inna.

"Hajiya, wannan fa?"

"Takardarku cewa ta yi kar a ba ta haya, na daina. Baƙuwata ce, a ɗakina take kwana, ni ina sallata tana addu'arta. In akwai dokar da ta hana mace saukar baƙuwa a ɗakinta, ku je ku rubuto, ga sakatarenku nan."

Suka kalli juna. Kunya ta kama Injiniya a gaban mutane, ta juye ta zama fushi.

"Inna, ko ita ko ni a gidan nan."

Maganar ta soke ta, har sai da ta dafa ƙyaure. Tana son yaron nan, Allah ya sani, shi ta fara goyawa a duniya. Amma ta dube shi ido cikin ido.

"Ni na haife ka, ba zan kore ka ba. Ita ma ba zan kore ta ba. Ƙafa kuma taka ce."

* * *

Ran Asabar motar kaya ta kwashe su, Injiniya da matarsa da yaran huɗu. Inna ba ta fito rakiya ba, tana kicin. Sai da ta sauke tukunya ta ga ashe awon kullum ta yi, ta kuma jera faranti takwas. Ta tsaya tana kallon su, sannan ta kwashe shida ta mayar kan kanta.

Suka zauna su biyu a tsakar gidan. Sista ta miƙa hannu neman cokali, hannunta ya taɓa gefen tukunyar, ta shafa ta har ta zagayo.

"Wannan ai ta yi mana yawa," ta ce a hankali.

Inna ta goge idonta da gefen ɗankwali, ta tura mata faranti.

"Ci abincinki. Gobe ma ita zan ɗora."