Muryar Baba a Tsohuwar Waya

Duk unguwarmu ta Akwatialine an san ni da wa'azin tsaron waya. In tsautsayi ya zaunar da kai kusa da ni a trotro, motar hayarmu, sai na tsorata ka da ɓarayin intanet kafin ka sauka. Ni kaina na ɗaure asusuna da wata manhaja mai ba da lamba, lambar kuma tana canzawa kafin ka gama atishawa. Ba lamba, ba shiga.

Ina sunkuye ina alwala a bakin kwata, wayar ta zame daga aljihun gaba ta yi nutso. Na binne ta cikin shinkafa, ba ta farfaɗo ba, manhajar ma ta bi ta. A asusun nan kuwa muryar marigayi Baba take, addu'ar da ya yi mana yana kwance a asibiti. Na riga na cika baki cewa dangi za su ji ta ranar sadakar arba'in, har da masu zuwa daga Yamai.

Na sayi sabuwar waya, na sa kalmar sirri daidai, aka ce in kawo lamba. Na roƙi kamfanin, suka ce sai in tabbatar ni ne daga wata wayar da na taɓa shiga da ita. Tsoro ya kama ni sosai. 'Yan trotro dai sun huta.

Na zabga tagumi a tsakar gida, sai na ji muryar Baba daga ɗakin mahaifiyata, Mma Safura. Saura kaɗan in zura da gudu. Ashe tsohuwar wayata ce mai fasasshen gilashi, wadda na ba ta bara, yadda kowa ke tura wa tsohuwarsa abin da ya gaji da shi. Ni sarkin tsaro, ko fita daga asusun ban yi ba. Na danna cewa ni ne, asusu ya buɗe.

Sabuwar wayar ta tambaya ko a kori tsohuwar daga asusun. Har na ɗaga yatsa, don abin da nake koya wa mutane ke nan.

"Wahabu," in ji Mma, "in ka gama ka maido mini wayan. Kullum bayan asuba shi nake ji. Ban saba shan koko ni kaɗai ba kraa, ko kaɗan."

Na danna a'a, na miƙa mata.