Kofi Uku, Mutum Biyu

"Tsaya nan, Fidencio. Nan ne iyakata," in ji Doña Herminia daga kujerar baya.

Ba sai ta faɗa ba. Duk wanda ya tashi a yankinmu ya san wannan gidan mai mai jan rufi. Shi ne na ƙarshe kafin shingen bincike, kuma nan ne marasa takarda suke sauka su yi sallama da nasu. Daga nan zuwa shingen mil bakwai ne. Kogin da ya raba mu da Meziko kuwa mun baro shi a baya da fiye da mil sittin, amma je ka gaya wa masu koren kaki cewa ba a bakin iyaka suke tsaye ba.

Na shiga na sayo mana gahawa kofi uku. Baƙa ba sukari ta Don Anselmo, mai madara da sukari ta matarsa Doña Herminia, tawa kuma ko wace iri, tunda ba na jin ɗanɗanon komai in na doshi wannan hanya. Muka zauna cikin mota muna kurɓa, ba mai son ya fara buɗe ƙofa.

Don Anselmo Balderas maƙwabcina ne, shekara goma sha tara gidana na jikin nasa. Ya ba saba'in da takwas baya, kuma rabin rijiyoyin burtsatsen da ke gonakin lemun yankinmu shi ya haƙa su. A wannan gefen kogin aka haife shi, a ɗakin da aka haifi ubansa. Da zuciyarsa ta fara gazawa, likitocin garinmu suka ce aikin ya fi ƙarfinsu, sai babban asibiti a San Antonio. Wata takwas yana ƙin zuwa, domin San Antonio tana bayan shinge, matarsa kuma ba ta iya wucewa. Shekara arba'in da ɗaya ke nan da ta ƙetaro kogi. Sun taɓa zuwa wurin lauya, ya ce sai ta koma can ta zauna shekara goma tana jira. Don Anselmo ya ɗauki hularsa ya ce wa lauyan, "Shekara goma wa zai riƙa yi min faɗa?" Daga nan maganar takarda ta mutu.

Doña Herminia ta miƙo mayafinta ta shimfiɗa masa a gwiwa.

"Asibitocinsu sanyi kamar gidan ƙanƙara. Kuma ka ji ni, tsoho. In sun tambaye ka a shinge ko kai ɗan ƙasa ne, ka ce i. Kalma ɗaya ce, ba za ta tsinke maka harshe ba."

"Ke tsohuwa, kakan kakana yana kiwon shanu a nan tun kakanninsu suna amai a jirgin ruwa."

"To kakan kakanka ba shi da alkawari da likita ƙarfe ɗaya."

Ta sa masa alamar gicciye a goshi, ta gyara masa robar iskar da ke hancinsa, ta fita. Babbar 'yata Araceli za ta zo ta ɗauke ta in ta tashi daga aiki da tsakar rana. Lokacin ƙarfe tara da 'yan mintuna. Na hango ta a madubi ta zauna kan bencin da ke gefen injin ƙanƙara, jaka a cinya, kamar mai jiran a fara addu'a a coci.

Duk unguwa ta san halin Don Anselmo da shingen nan. Tunda aka kafa shi bai taɓa amsa tambayarsu ba. Yakan ce babu dokar da ta wajabta wa mutum ya faɗi asalinsa don yana tafiya a kan titin ƙasarsu. Su tsare shi rabin awa, su gaji, su sake shi, ya dawo ya ba mu labari a barandarsa kamar wanda ya ci yaƙi. Ni ma ina cikin masu dariya. Dariya ba ta da tsada a baranda. Amma ban taɓa shiga mota ɗaya da shi zuwa arewa ba, domin katina na izinin zama na gaske ne, matata Ofelia kuwa ba ta da ko guntun takarda, kuma lambar motata tana kai mutum har ƙofar ɗakinta. 'Ya'yana uku. Na ƙarshen bai iya ɗaure igiyar takalmi ba tukuna.

Muka shiga layi a ƙarƙashin rumfar ƙarfen nan tasu, mai kyamarori a jere kamar tsuntsaye a kan waya. Na sauke gilashi tun saura mota biyar, na fito da katina, na cire hula.

"Mayar da hularka, ɗana," in ji Don Anselmo. "Ba coci muka zo ba."

Motar da ke gabanmu babba ce mai jan kwalekwale, farar mace da mijinta a ciki. Jami'in ko sunkuyawa bai yi ba, hannu kawai ya kaɗa musu. Da muka iso sai ya sunkuya. Yaro ne da bai fi Araceli da shekara uku ba, baƙin tabarau, gashin baki bai gama yanke shawarar fitowa ba. A ƙirjinsa an rubuta Villarreal.

"'Yan ƙasa ne?" ya tambaya da Turanci.

Na miƙa katina da hannu biyu. Ya duba, ya leƙa wurin tsohon.

"Kai fa, dattijo?"

"Villarreal," in ji Don Anselmo da harshenmu, yana karanta ƙirjin a hankali. "Na haƙa wa wasu Villarreal rijiya. Mutanen kirki, sai dai ruwansu gishiri. A ina aka haifi kakarka, yaro?"

"Tambaya ɗaya na yi maka."

"Ni ma ɗaya na yi. Ko ita ma ka taɓa tsayar da ita? Ta cire maka hula?"

"Don Anselmo, don Allah," na ce ƙasa-ƙasa.

Yaron ya nuna mana gefe da yatsa biyu, inda ake ajiye motocin da za a bincika. Suka ce kare ya nuna alama. Karen kuwa ina kallonsa, yana kwance a inuwa yana lasar ƙafarsa.

Suka fito da mu suka zaunar a benci. Inuwar rumfar ba ta kai nan. Tulun iskar Don Anselmo na tsakanin ƙafafunsa, mayafin a gwiwarsa, ya zauna a miƙe kamar shi ne alƙalin. Mutum uku suka taru a kan tsohuwar motata. Suka zazzage jakar kayansa a ƙasa, rigunan barci biyu da Doña Herminia ta goge jiya. Ɗaya ya ɗaga kwalbar magani yana karanta sunan da baki, ya kasa, ya ajiye. Wani ya ƙwanƙwasa tayar baya da kunne a jiki, kamar za ta faɗa masa sirri. Jarumai ke nan, masu tsare ƙasa daga rigar barcin tsoho.

Ƙarfe goma ta yi, sha ɗaya ta wuce. Na je wurin babbansu, wani jan mutum mai tumbin da ya rufe kan bel, na ce masa muna da alkawari da likitan zuciya.

"Ba ni na tsare ku ba," ya ce, yana tauna cingam. "Abokinka ne. Ya faɗi kalma ɗaya ku tafi."

Na dawo na durƙusa gaban bencin. "Don Anselmo, sun rubuta lambata. Ka tuna da Ofelia."

"Na tuna da ita. Don ita nake zaune a nan, kai ne ba ka gane ba." Leɓensa ya fara yin toka. "Kullum ka cire hula, gobe za su zo su tambaye ka a ɗakin girkinka."

Sai ga yaron nan Villarreal ya fito da kai daga cikin motar, yana murmushi irin na ɗalibin da ya gano amsa kafin kowa.

"Oga, duba nan. Kofi uku, mutum biyu."

Ya jera su a kan bonet. Sunan gidan man a jikin kowanne da jan rubutu. Nawa babu komai, na tsohon babu komai, na ukun rabi, da shatin jan baki a gefensa. Ni na saya, ni na bar shi a mazaunin kofi na baya. Mutumin da ya duba fitilun motarsa sau biyu da safe, ya wanke gilashi, ya tabbata babu abin da za a tsayar da shi a kai, shi ne ya manta da kofi.

Babban ya daina tauna. Ya dubi kofin, ya dubi mayafin da ke gwiwar Don Anselmo, ya dubi hanyar da muka fito. Suna da mota biyu a ajiye, hancinsu na kallon kudu. Mil bakwai. Araceli ba za ta iso gidan man ba sai nan da awa guda.

"Wa kuka sauke a baya?" ya tambaye ni.

Har yau ban san amsar da na kusa ba shi ba, kuma ba na son in sani.

Don Anselmo ya dafa kafaɗata ya miƙe. Ya ja tulunsa har gaban motar, ya ɗauki kofin na uku.

"Nawa ne. Likita ya hana ni gahawa, shi ya sa nake shan biyu."

"Da jan baki?"

"Matata ta sumbace ni da asuba kafin in fito gida. Kai ba a yi maka?"

Ya ɗaga kofin ya shanye, mai sanyi, mai sukari, shi da ko a bikin aure ba ya taɓa abu mai zaƙi. Ya murƙushe shi a tafinsa. Sannan ya cire hularsa. Ya zura hannu cikin rigarsa ya fito da wata tsohuwar takarda a leda, wadda ban taɓa sanin yana yawo da ita ba, ya miƙa wa yaron.

"I," ya ce da Turanci. "Ni ɗan ƙasa ne, yallaɓai."

Abin da suke so ke nan tun farko. Kofin ya fita daga kansu nan take, kamar an jefa wa kare ƙashi. Babban ko takardar bai karɓa ba. Ya juya ga yaransa yana dariya, sannan ya dubi tsohon.

"Ka gani, kaka? Da wuya?"

Ni na tattara rigunan daga ƙasa. Daga nan har San Antonio hular Don Anselmo na kan mayafin, bai mayar ba. Sau ɗaya kawai ya yi magana, da wayata ta yi ƙara Araceli ta ce ta ɗauki Doña Herminia.

"To," ya ce, ya rufe ido.

Mun isa bayan ƙarfe uku. Likitan ya shiga wani aikin, aka ɗage namu zuwa Alhamis. Ranar Laraba da hantsi ya cika. A lokacin ina riƙe masa waya a kunne, Doña Herminia tana ba shi labarin kazarta da ta ƙi kwanci, tana yi masa faɗan bai ci abinci ba. Ta yi minti biyu tana magana kafin in iya karɓe wayar. A takarda sun rubuta ciwon zuciya. Ba ƙarya suka yi ba.

Ranar Juma'a muka dawo da shi, motar gawa a gaba, ina biye. Hannun titin da ke zuwa kudu babu shinge, babu kare, babu mai tambaya. Duk wanda zai nufi kogi, Allah raka taki gona. Muka wuce a guje. A ɗaya hannun layi ya kai rabin mil, na hango wani mutum a tsohuwar motar ɗaukar kaya ya riga ya cire hula tun daga nesa. Hannuna ya tashi da kansa zuwa tawa, na mayar da shi kan sitiyari.

A gidan man, Doña Herminia na zaune a bencin nan na gefen injin ƙanƙara, cikin baƙaƙen kaya. Ta ce a kawo ta nan, ba za ta jira shi a gida ba. Ta je ta dafa gilashin motar gawar na ɗan lokaci, sannan ta zo ta shiga tawa, a gaba, inda ya zauna. Na miƙa mata mayafin a ninke.

"Fidencio, ya amsa musu?"

"Ya tambayi yaron inda aka haifi kakarsa."

Ta yi 'yar dariya ta hanci. "Tsohon banza." Ta shafa mayafin. "Sai da kuka tafi na tuna na bar gahawata a motarka. Awa uku ina zaune a nan ina kallon hanya."

"Ya shanye ta, Doña."

"Ba ya shan mai sukari."

"Ya shanye ta duka."

Ta daɗe tana kallona. Ta warware mayafin ta shimfiɗa a gwiwarta, ta daidaita gefunansa da tafin hannu. A gabanmu motar gawar ta tsaya a bakin titi, fitilarta ta gefe tana ƙiftawa, tana jiran mu.