Notin Tayar Baya

"Miƙo min sifanar can, Uwata," in ji Baba, yana tsugune a gindin tayar gaba.

Ta miƙa masa. Sai da ya lalubi iska kafin hannunsa ya kama. Tun da yanar ido ta raba shi da garejinsa, motarta ce ta farko da ya taɓa. Jiya da ta zo gaishe shi ya ji kukan birkinta, ya ce fatar birki ta cinye gaba da baya, kuma ba wanda zai taɓa motar 'yarsa yana raye. Ta so ta ƙi, amma da ta ga ya fito da akwatin kayan aikinsa yana goge su ɗaya-ɗaya, sai ta ƙyale shi.

Ya zaro tsohuwar fatar, ya shafa ta da babban yatsa.

"Ƙarfe ke cin ƙarfe. A haka kike ɗaukar min jikoki?"

Ta yi dariya, shi ma ya yi. Rabon da ta ji wannan dariyar har ta manta. Ya gama gaba, ya koma baya, yana aiki yana ba ta labarin motocin da suka bi ta hannunsa. Da ya sauke jak ya sa ta taka birki har ya yi tauri, sannan ya buga bayan motar ya ce ta tafi.

Ba gida ta nufa ba. A hankali ta lallaɓa zuwa garejin wani makanike da ya koyi aiki a hannun Baba, wanda yanzu shi ma furfura ta fara cin gemunsa.

"Aikin Oga ne wannan," in ji shi da ya cire tayar gaba. "Ko a mafarki na san hannunsa."

Da ya zo tayar baya ta hagu sai ya kira ta ya nuna mata. Noti ɗaya daga cikin masu riƙe birkin babu shi.

"Da kin hau babban titi..." Ya nemo wani ya ɗaura. "Don Allah kada ki gaya masa."

Wayarta na ta ruri a jaka. Baba ne. Ta ƙi ɗauka, don kada ya ji ƙarar gareji.

Da ta koma ta same shi tsaye a ƙofar gida cikin rana, ko hannu bai wanke ba.

"Yaya birkin?"

"Kamar sabuwar mota, Baba."

Ya buɗe tafin hannunsa. Notin ne, har ya yi masa shaida a fata saboda damƙa.

"Bayan kin fita na taka shi da ƙafata. Na yi ta kira."

Ta sunkuyar da kai. Ta gaya masa inda ta je.

"Kin kyauta," ya ce. Ya daɗe yana juya notin. "Gobe ki kai wa makaniken akwatin nan. Kayan masu kyau ne, kada su yi tsatsa."

Ta buɗe baki za ta ce ya bari tukuna, amma ya riga ya juya, yana bin bango da hannu zuwa ɗakinsa.