Talatin da Takwas na Gishiri

Shekara talatin da huɗu mijina, Masta Boadu, ya yi yana koyar da lissafi a Konongo, kuma ritaya ba ta raba shi da halin ba. Komai sai ya ba shi maki, har fufun da na daka.

Ranar da hawan jini ya kayar da shi a coci, likita ya ce ya rage gishiri, in ba haka ba karo na gaba ɓarin jiki ne zai shanye. Ƙanwarsa Afrakoma tun a mota ta yanke hukunci, wai kifin gishirin da nake jefawa a miya ne zai kashe mata ɗan'uwa. Na daina sa kifin daga ranar, amma ta riga ta kai wa 'yarmu Pokuaa tsegumi a Amurka. Bayan wata biyu sai ga ganga daga Pokuaa shaƙe da gwangwanayen miya, wai babanta ya riƙa sha.

Masta ya sa tabarau ya karanta bayan gwangwanin. Wajen gishiri an rubuta talatin da takwas cikin ɗari. Ya ce a ajinsa duk wanda ya ci ƙasa da hamsin ya faɗi, saboda haka gishirin nan bai taka kara ya karya ba. Ya koma shan biyu a yini, ni kuma aikina ɗumamawa. Na ɗanɗana sau ɗaya, harshena ya ce mini akwai magana, amma ni da na tsaya a aji huɗu, ina ni ina musu da malamin lissafi da rubutun Turawa? Na ci gaba da ɗumama masa.

Jinin ya ƙi sauka, ƙafafunsa suka fara kumbura. Afrakoma ta ce a ɓoye nake barbaɗa masa gishiri. Wannan maganar ta yi mini ciwo ƙwarai, kuma tsoro ya kama ni, don mutumin yana lalacewa a gabana ban san ta ina ba.

Wata Juma'a Dufie mai tallar ƙwai ta shigo. Tsohuwar ɗalibarsa ce, wadda ya sha zane wa hannu a kan lissafi har ta gudu daga makaranta. Ita ma hawan jinin ke damunta, duk wata tana zuwa asibiti inda ake tara su a yi musu bayanin abinci. Ta ga gwangwanayen da na wanke, ta roƙi ɗaya na awon gyaɗa, sai ta tsaya tana juya shi.

"Masta, kai kake shan wannan?"

Ya gyara zama ya ba ta bayanin faɗuwar gishiri. Ta dube ni, ta dube shi.

"Ka yi mini aikin gafara, Masta, wannan ba jarrabawa ba ce. Gishirin da ya kamata mutum ya ci yini guda, shi ne ɗari. Kwano ɗaya na miyar nan ya cinye talatin da takwas a ciki. Mu an ce mana biyar kaɗan ne, in ya kai ashirin ya yi yawa."

"Yanzu ke ce za ki koya mini kashi cikin ɗari, Dufie?"

"Wane ni. Amma dubi layin sama. Kwano biyu ne a gwangwani ɗaya. Ninkawar kuma na bar maka, ka san ni da ita ba ma shiri."

Bai nemi biro ba. Na ga leɓensa yana motsi, sai ya ce a hankali, "Ɗari da hamsin da biyu, kullum." Ya cire tabarau ya ajiye. Ban taɓa ganin lissafi ya ba shi tsoro ba sai ranar.

Ya koma cin miyar ganyen gwaza da nake yi da ɗanyen kifi da citta, yana ci yana ƙunƙuni. Bayan sati shida ma'aikaciyar jinya ta auna shi, ta sake aunawa, ta ce duk abin da muke yi mu ci gaba. Takalminsa ya sake shiga ƙafarsa. Afrakoma ba ta ba ni haƙuri ba, ta dai aiko mini da buhun rogo, na karɓa.

Washegari da sassafe na ɗaura zanen fita, na tafi godiya gidan Dufie. Na same ta tana jera ƙwai a faranti. Ta yi ta ƙoƙarin kashe maganar da dariya, wai ai ba komai ta yi ba, karatun gwangwani ne kawai.

Na riƙe hannunta na ce, "'Yata, ba ki gane ba. Sau biyu a yini nake ɗumama masa abin nan, in kai masa da hannuna, in zauna kusa da shi sai ya shanye."