Yarinyar Kes da Burodin Yakuba

Yakuba tela mutum ne da ba ya barin abu ya wuce shi bai san dalilinsa ba. Ko zare ne ya tsinke a keke, sai ya bi diddigi. To ga shi Zahra'u, yarinyar da ke karɓar kuɗi a kes, wato wurin biyan kuɗi, a butik ɗin Alhaji Illo, kantin unguwarsu, ta hana shi sakat.

Kullum da safe, kafin ya hau faba-faba, ƙaramar bas ɗin da ke haye gada da shi daga Harobanda zuwa shagon ɗinkinsa a Banifandou, sai ya tsaya butik ɗin ya sayi burodi. Da can kafin ya gama sallama ta naɗe masa, har da tsokana wai ya rage shan sukari. Sai rana ɗaya ta canza. Da ta hango hularsa sai ta ja gyale, ta sulale bayan buhunan shinkafa. Ya yi ta buga tebur, mota na cika a waje. In ma ta fito, da hannu biyu take miƙo masa, idonta a ƙasa. Sau da yawa motar ta tafi ta bar shi.

Haushi ya ji, amma mamaki ya fi yawa. Ya shinshina rigarsa. Ya tambayi matarsa ko fuskarsa ta ƙara muni, ta ce tana nan yadda ta san ta. Har laɓewa ya yi wajen mai goro don ya ga yadda take yi wa sauran mutane: tana dariya, Zabarmanci da wannan, Faransanci da wancan. Shi kaɗai ne dai ake gudu.

Alhaji Illo ma ya lura. Ya ba Yakuba haƙuri, ya ce ba zai riƙe mai wulaƙanta masu saye ba, ƙarshen wata zai sallame ta. Hankalin Yakuba ya tashi, don ya san da albashin nan take riƙe mahaifiyarta. Sai ya yi dabara irin tasa: ya koma sayen burodi a tsallaken titi, mai tauri kamar takalmi, wai don a daina ganin laifinta. Abin ya ƙara lalacewa. Alhaji ya ce ga shi nan, ta kori tsohon abokin ciniki.

Wata yamma yana dawowa, ta tagar mota ya hango babur ɗin ɗansa Mahamadou a ƙofar butik, shi kuwa gogan yana sauke katan-katan na madara yana washe baki. Mahamadou da ko bokiti ba ya ɗauka a gida. Nan Yakuba ya tuna yaron ya daɗe yana kawo masa maganar aure, shi kuma yana cewa a bari ya tsaya da ƙafarsa tukuna. Ko sunan yarinyar bai taɓa tambaya ba. Da suka haɗu a gida ya tambaya. Mahamadou ya sosa ƙeya, ya ce Zahra'u.

Washegari Yakuba ya shiga butik, ya tarar Alhaji na ce wa Zahra'u ta ba shi makullin kes. Tana ganin hular ta nufi buhunan shinkafa, har a wannan halin.

"Alhaji, bar ta," in ji Yakuba. "Ba wulaƙanci ba ne, kunya ce. Ina ka taɓa ganin yarinya ta yi ciniki da surukinta ido cikin ido?"

Alhaji ya dube shi, ya dubi buhunan. "An ɗaura ne ban ji ba?"

Yakuba ya ga mai goro da mata masu sayen sabulu sun miƙo wuya. Maganar da ya yi wata da watanni yana turewa, ga shi ya fitar da ita a gaban rabin unguwa.

"Ba a ɗaura ba," ya ce. "Juma'a za mu je wajen iyayenta."

Gwangwani ya faɗi a bayan buhunan, amma ba ta fito ba. Alhaji ya ajiye mata makullin a kan tebur, ya naɗe burodin da kansa, yana mita wai yanzu shi ya zama wa Yakuba yaron shago. A waje faba-faba ta cika ta tafi. Yakuba ya zauna kan benci yana jiran ta gaba, ya gutsuri burodin tun da ɗuminsa.