Jirgin Mukbil

Tunda Hadi ya dawo unguwar Shisha a Makka, gidan 'yarsa Shaima, bai iya zama wuri guda ba. Yakan tashi ya leƙa taga, ya ga dutse da motoci, ya dawo ya zauna, ya sake tashi.

Ya yi shekaru masu yawa a wata tsohuwar tashar jiragen ruwa kudu da Jidda, wadda masu ita suka watsar. Katakon gadar da ake ɗaure jirage ya ruɓe, fitilu sun mutu, Hausawa marasa iƙama, wato takardar izinin zama, suka tare a jiragen da aka bari. Jiragen a ɗaure suke da juna, gefe da gefe, domin turakun gadar ba sa riƙe komai. In za ka sayo burodi sai ka bi ta kan ɗakunan mutane kana sallama. Kowace safiya kowa ya kwashe ruwan da ya shigo masa da bokiti. Kuma kowa ya sani, ba a taɓa igiyar jirgin wani sai da bakinsa.

Ranar nan bayan azahar waya ta yi ƙara. Ɗaso ce, tsohuwar da jirginta ke jingine da nasa, mai soya musu kifi da yaji. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta ce tun tafiyarsa ita da Taha, maƙwabcinsu, suke kwashe masa ruwa, to yanzu ciwon baya ya kwantar da Taha rabi da rabi, jirgin ya fara nutsewa ta baya yana jan nata. Ko tukunya ba ta zama daidai a kan risho.

"Ka ce a yanke, Malam. Bakinka kawai nake jira."

Sai dai jirgin ba na Hadi ba ne. Na Mukbil ne, wani masunci Bayamane da ya tafi jinyar uwarsa. Ranar tafiyar ya sa hannunsa cikin na Hadi, ya ce ya riƙe masa jirgin har ya dawo. Bai dawo ba, ba a kuma ji mutuwarsa ba.

Hadi ya roƙi Ɗaso ta ba shi zuwa la'asar.

"Ni na ba ka," in ji ta. "Sai ka kira ruwan shi ma ka roƙe shi."

Ya nemi surukinsa Majid ya kai shi da mota, ya gani da idonsa. Majid ya ce fita daga Makka ba wuya, amma a dawowa me za su nuna a shingen bincike, tunda Hadi ba shi da takarda? Hadi ya koma zagaye falon. Ya san cewa da Mukbil yana nan, da ya ce a yanke. Amma saninsa ne, ba bakin Mukbil ba. In mutum zai iya amsawa a madadin wanda ya ba shi amana duk lokacin da abu ya yi tsanani, to me ya riƙe tun farko?

"Halas, ya isa haka, ya Baba," in ji Shaima daga kicin. "Ruɓaɓɓen katako ne fa."

Ya ce shi ma na Ɗaso katako ne, amma a ciki take kwana.

Ana kiran la'asar ya ɗauki wayar. Ɗaso ta ce ruwa ya kai tabarmarta, ga Taha tsaye da wuƙa yana dafe da ƙugu.

"Mukbil bai ce ba," in ji Hadi. "Ni ne na ce. In ya zo, ki turo shi wurina. Taha ya yanke."

Ya ji gurzar wuƙa a kan jiƙaƙƙiyar igiya, ta daɗe, Taha yana nishi yana zagin wanda ya yi ƙullin. Sai wani ƙara mai nauyi, katako ya rabu da katako.

Ɗaso ba ta yi godiya ba. Ta ce nata ya miƙe, amma yanzu ba abin da ya tare mata igiyar ruwa ta wannan gefen, sai ta je neman tsofaffin tayoyi ta rataya a gefen kafin iska ta taso. Ta kashe wayar.